Mu san su tun kafin a dasa born a filin yaranmu

Makon jiya ina fitowa daga meri, ofishin magajin garinmu na Maraɗi, karo na uku ke nan cikin wata guda, sai na yi kiciɓis da wani tsohon abokina a bakin ƙofa yana kan babur. Muka gaisa, ya dubi ambulan ɗin da ke hannuna ya ce, "Malam, kai ma ka shiga layin masu neman parsel ne?"

Na ce masa a'a, maganar filin da yaran unguwarmu ke wasa ce ta kawo ni.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya girgiza kai. "Mutane na neman tiyar hatsi, kai kana neman wurin buga balo. Kuma wurin waɗannan mutanen? Ka rufa wa kanka asiri, kada a ce ka zama bafade."

Maganar ta tsaya mini a rai har na isa gida, don ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Na ji ta a fada, inda muke zaman shayi, na ji ta a ƙofar masallaci bayan isha'i, na ji ta har a cikin gidana.

To ga ra'ayina. Duk unguwar da ke son ta tsira da filin wasan yaranta, ko inuwar da tsofaffi za su zauna, ko wurin da mata za su fito su sha iska, dole mutanenta su san masu riƙe da garin nan, su ma su san su. Magajin gari, kansiloli, depite, da duk wanda sa hannunsa ke iya mayar da fili gida. Sani na ido da ido, na zuwa da dawowa, tun babu wata rigima a ƙasa. Zumunta a ƙafa take, kuma wannan ma zumunta ce.

Filin da muka rasa

Shekarun baya, lokacin majalisun gari suna nan, muna da fili a bayan layinmu. Babu ciyawa, babu katanga, rairayi ne da wani babban bedi a gefe. Amma duk la'asar sai ka ƙirga yara sittin ko fiye a ciki, tsofaffi kuma suna gindin bedin suna dara.

Wata Asabar ina dawowa daga kasuwa na tarar da yaran sun yi cirko-cirko a bakin filin. Babu mai gudu, babu mai ihu. Ƙwallon tana hammatar wani yaro da ba zai wuce shekara goma sha biyu ba. Na tambaye su lafiya. Ya nuna mini da haɓa ya ce, "Baba, dubi. An dasa born."

Na sauka na duba. Duwatsun siminti ne sababbi, an shafa musu jan fenti a ka, an jera su tun daga gindin bedin har zuwa inda yaran suka kafa sandunan raga. Ɗaya ma daidai inda mai tsaron gida ke tsayawa aka binne shi. Bayan sati uku motar yashi ta zo. Bayan wata biyu katanga ta kai kafaɗa. Yau gidaje huɗu ne a wurin, bedin kuma an sare shi, wai saiwarsa tana taɓa tushen gini.

Muka yi ta ihu bayan hari. Saƙonnin murya a WhatsApp, zagi a fada, har wasu matasa suka ce za su tumɓuke duwatsun da dare, dattawa suka hana su. Kuma dattawan sun yi gaskiya, don waɗanda suka gina gidajen da kuɗinsu suka saya, takardunsu na hannunsu.

Wani dare a fadarmu, ana zuba shayi na biyu, na yi tambaya. Na ce cikinmu wa ya taɓa zuwa wurin kansilan da muka zaɓa? Mu goma sha ɗaya ne a wurin. Uku suka ce sun je. Ɗaya takardar magani ya kai masa, ɗaya ragon suna ya je nema, na ukun aikin gadi yake nema wa ƙanensa. Na ce to wa ya taɓa ce masa filin nan na yaranmu ne, a kula mana da shi? Babu ko ɗaya. Har ni, da nake koyar da yaran nan da safe, in gan su a filin da yamma.

Su kuwa masu son filin ba su zauna ba. Sun je da safe, sun je da dare. Sun san ofis, sun san gida, sun san ranar da ake zama. Da aka zo yanke shawara, muryarsu kaɗai ke cikin ɗakin.

"Ciki ya fi wasa"

Wannan ita ce maganar farko da ake tare ni da ita, kuma ba na raina ta. Ba zan tsaya gaban magidancin da bai san abin da za a ɗora bisa murhu gobe ba in ce masa ya damu da lilo.

Amma a duba a ga wa ke buƙatar filin unguwa. Ɗan Alhaji gidansu akwai tsakar gida mai faɗi, akwai na'urar sanyi, akwai motar da za ta kai shi inda yake so. Ɗan mai tura kura, wanda su takwas ke kwana a ɗaki biyu na haya, shi ne ba shi da inda zai miƙe ƙafa sai titi. Titin kuma na kabu-kabu ne da adaidaita da manyan motocin kaya. Ba a yi wata shida da rasa filinmu ba wani kabu-kabu ya kaɗe ɗan maƙwabcina yana bin ƙwallo, ƙafa ta karye wuri biyu. Abin da uban ya kashe tsakanin likita da mai ɗori ya fi kuɗin buhun hatsi. Shi ma da farko yana cikin masu cewa maganar fili ta ƙosassu ce.

Sai zafi. Duk ɗan Maraɗi ya san Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, rufin kwano ya zama tanda, wuta kuma ta ɗauke. Tsohuwar da ke ɗakin kwano da tsakar rana, in babu itace kusa da ita, ina za ta? Inuwa a garin nan magani ce.

Sai ruwa. Garinmu ya san ambaliya tun kafin a haife mu. A 1945 gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin kwari, dole aka hauro tudu aka sake kafa shi. A ƙarshen Agustan 2024 kuma mun ga abin da ruwan sa'o'i kaɗan ya yi mana: gidaje suka zube, rayuka suka salwanta, Allah ya jiƙansu. Ban ce rashin filin ƙwallo ne ya jawo ba. Amma duk filin da aka rufe da gini, duk tafkin da aka cike aka raba, ruwan da suke sha a da sai ya nemi wata hanya, kuma sau da yawa hanyar ita ce ɗakin talaka.

Wasu kuma suna cewa wurin shaƙatawa abin Turawa ne, na gani a talabijin. Wannan ita ce ta fi ba ni mamaki. Wane ƙauyen Hausa ne aka taɓa kafawa babu dandali? A nan ƴan mata ke gaɗa da farin wata, samari su yi langa, bayan kaka a buga ganga a yi kokowa. Filin kokowarmu na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975. Kantu ba a babban fili ya koyi kokowa ba, a rairayin dandali ya koya kamar kowane yaro. Babban fili wurin nuna gwani ne, amma a unguwa ake yin gwanin. Haka ƴan wasan ƙungiyar ƙwallonmu ta Ɗan Kasawa, ka tambayi kowanensu inda ya fara taɓa ƙwallo.

Kakanninmu da ba su da injiniya ko taswira sun san a bar wa yara wuri. Mu ne muka manta, kuma a daidai lokacin da yaran suka fi yawa. Ƙidayar 2001 ta sami mutum kusan 148,000 a birnin nan, ta 2012 ta sami sama da 267,000. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gari na ta miƙewa, unguwanni sababbi na ta tsirowa, ko'ina ka duba gini ne ke cin gini.

Fadanci ne?

Nan ne abokina ya fi yi mini ciwo, don haka bari in daɗe a kai.

Bafade shi kaɗai yake zuwa, ya fi son dare, aljihunsa ya kai shi, kuma abin da maigida ke son ji shi yake faɗa. Mu kuwa mu biyar muke zuwa, da rana tsaka, da takarda a hannu, kan abin da babu ɗayanmu da zai iya ɗauka ya kai gidansa.

Bayan mun rasa filin farko, akwai wani ƙarami da ya rage kusa da lakwal, wato makaranta, yaran suka koma can. Muka ce wannan karon ba za mu jira jan fenti ba. Muka haɗa kanmu: ni, da wakilin mai unguwa, da limaminmu, da wata Hajiya da ke riƙe da adashen matan layi uku, da kyaftin ɗin yaran, saurayi ɗan shekara ashirin mai gyaran waya.

Wurin wani tsohon kansila muka fara zuwa, bayan sallar asuba. Ko da yake ba shi da kujera yanzu, mun tarar da mutum huɗu a zaure a kan tabarma, kowa da ƴar takardarsa a ninke. Da layi ya zo kanmu, liman ya yi addu'a, Hajiya ta yi bayani, kyaftin ya faɗi yawan yaran da ke wasa a wurin. Mutumin ya saurara har muka gama, sannan ya zauna yana jira.

"To, sai me kuma?"

Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Babu mai wata buƙata ta kansa a cikinku?"

Muka ce babu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zama, ya sa aka kawo ruwa. A zaman nan ya gaya mana abin da shekara da shekaru babu wanda ya gaya mana: cewa kowane lotisma, wato yankin da aka yanka filaye don rabawa, yana da taswira, cewa a cikin taswirar akan ware wurin makaranta da na likita da na kasuwa da kuma filin da za a bari don itatuwa da hutawar jama'a, ya kuma faɗa mana ofishin da za mu je mu nemi ganin tamu. Ya ce da mun zo masa da wannan magana lokacin yana kan kujera, da aƙalla ya san akwai masu ido a kan filin farko.

Ban ce mala'ika ne ba, kuma ban wanke kowa ba. Amma ku sa kanku a wurinsa. Tun asuba har dare duk wanda ya shigo zaurensa hannu ya miƙo. Mu da kanmu muka koya wa waɗanda muka zaɓa cewa jama'a aljihu ce: ka ba wannan jika biyu, ka ba wancan jika biyar, ka gama aikin wakilci. In ba mu taɓa kai musu buƙatar unguwa ba, ta yaya za su san ana auna su da ita?

Za a ce ai amfani za su yi da ku. E, ɗan siyasa yana son suna, yana son hoto, yana son a ce shi ya yi. A bar shi. In zai dasa bedi ɗari don a ɗauke shi hoto, ni zan riƙe masa wayar. Yaron da zai zauna a inuwar bayan shekara goma ba zai tambayi jam'iyyar wanda ya dasa ba.

Sai dai akwai iyaka, kuma mun shata ta tun ranar farko. Ba ma karɓar kuɗin mai ko kuɗin shayi daga hannun kowa. Ranar da ɗayanmu ya sa ambulan a aljihu, ranar bakinmu duka ya mutu. Ba ma sa rigar kowace jam'iyya a kan maganar fili, kuma in mun gaida wannan ɓangare sai mun gaida wancan. In mutum ya yi abin kirki mu faɗa a bainar jama'a, da sunansa. In ya yi alkawari ya saɓa, mu koma mu tuna masa a gabansa, cikin ladabi, kafin kowa ya taɓa Facebook. Na ga unguwannin da suka fara da zagi a intanet, daga baya suka je neman ganawa. Mutumin da ka ci wa mutunci jiya a gaban duniya, yau da wane ido zai karɓi takardarka?

"Ai yanzu babu zaɓaɓɓu"

Gaskiya ne. An fara zaɓen majalisun gari a ƙasar nan a 2004, na baya-bayan nan kuma a Disamban 2020. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, an rusa majalisun a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dalilin naɗe hannu: tunda ba mu muka zaɓe su ba, me zai sa su saurare mu?

Ni na ga akasin haka. Majalisa ta tafi, amma biro da hatimi suna nan. Neman fili bai tsaya ba, masu son parsel ba su tafi hutu ba. Shugaban riƙo kuma ba lalle ya san kowane lungu na gundumomi uku na birnin nan ba. Abin da ke gabansa taswira ce, a taswira kuwa filin yaranmu murabba'i ne fari, babu kowa a ciki. In ba mu je mun gaya masa cewa duk yamma yara tamanin ke cikin murabba'in nan ba, wa zai gaya masa? Ba ya neman ƙuri'a, amma yana son zaman lafiya a garin da aka damƙa masa, yana kuma son ya bar suna mai kyau.

Sannan akwai waɗanda ba sa tafiya ko wa ya zo. Ma'aikatan sashen filaye suna nan, ma'aikatan gandun daji suna nan. Masu unguwanni suna nan, fadar Sarkin Katsinan Maraɗi tana nan, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ma ta ba sarakuna wurin zama a majalisar gari don ba da shawara. Takardar da ta biyo ta hannun mai unguwa nauyinta daban ne da wadda wani malamin lakwal ya kai shi kaɗai.

Tsofaffin kansilolin kuma, da waɗanda ke da niyyar tsayawa duk ranar da zaɓe ya dawo, a cikinmu suke zaune. Tare muke sallah, tare muke jana'iza. Yanzu da ƙofarsu ta rage cunkoso, yanzu ne lokacin zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ji maganar filin unguwarku sau biyar yana zaune a gida, ranar da ya hau kujera ba sai an fara masa bayani daga farko ba.

Akwai abin da nake jin kunyarsa. Lokacin da majalisun ke aiki, doka ta ce zamansu a buɗe yake ga jama'a. Kowa na iya shiga ya zauna ya ji yadda ake raba kasafin kuɗin shekara, ya ji abin da aka sa cikin tsarin raya gari. Ban taɓa zuwa ba ko sau ɗaya. In Allah ya dawo da su, ba za a sake yin zaman kasafi babu ɗan unguwarmu a bencin baya ba.

Tsoron iyaye da malamai

Wannan ƙorafin daga mutanen kirki yake fitowa, shi ya sa nake ɗaukarsa da nauyi. Suna cewa wurin shaƙatawa matattarar ƴan tiramol ce, wurin haɗuwar samari da ƴan mata cikin duhu. Na ga wuraren da suka zama haka. Amma duk wanda na gani, wuri ne da aka yi watsi da shi: babu fitila, babu babba a kusa, rabinsa ya zama bola. Mai shan ƙwaya ba ya son wurin da kawunsa ke zaune yana dara.

Limaminmu da farko bai yarda ba. Shi ya sa wurinsa muka fara zuwa, tun kafin kowane ofis. Ya kawo sharuɗɗa biyu: in an kira sallah wasa ya tsaya, bayan isha'i kuma kowa ya watse. Yaran suka amince. Yau shi ke gaba in za mu shiga ofis, kuma na lura in liman ya yi magana, mai kujera yakan ajiye wayarsa.

Hajiya kuma ta kawo abin da mu mazan ba mu yi tunaninsa ba. Ta ce duk surutunmu na ƙwallo ne, ƴan mata fa? Yarinya in ta wuce shekara goma, ba ta da wurin fita sai talla ko aike. Ta nemi a ware kusurwa ɗaya, da benci da itatuwa, inda mata za su zauna da ƙananan yara, ƴan mata su yi wasanninsu a gaban iyayensu. Muka sa a takarda. A ofis ma wannan layin ne ya fi jan hankali.

"Meri ba ta da kuɗi"

Sau da yawa wannan ma gaskiya ne. Haraji ba ya shiga yadda ya kamata, mu kanmu masu ƙorafin ba duka muke biya ba. In asusu ya bushe kuma, babu abin da ya fi sauƙin mayarwa kuɗi kamar fili. Mutanen Yamai sun gani da idonsu: dajin da aka fara shukawa a 1965 don ya kewaye birnin ya kare shi, an yi ta yankarsa ana gini a ciki. In babban daji na babban birni bai tsira ba, ina ga ɗan filin bayan lakwal?

Amma abin da muke nema na farko ba ya cin ko dala. Sa hannu ne. A nuna mana taswira, a tabbatar filin nan na jama'a ne, a rubuta, a buga hatimi, a ba mu kwafi, a kafa allo. In mun sami wannan, sauran da sauƙi.

Shuka kuwa ba wanda zai koya wa mutumin Maraɗi. A gonakin jiharmu ne sassaben zamani ya fara, tun shekarun 1980, lokacin da manoma, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka gane cewa kututtukan da ke cikin gona ba su mutu ba, in an bar musu reshe ɗaya ko biyu aka kula da su sai su koma itace. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar, har mutane ke zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Ƙauye ya yi wannan da lauje da haƙuri. Mu a birni kowane 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace, mukan taru a dasa, a tafa, a watse, bayan sati biyu awaki su gama da su. Dashe ba wuya. Ban ruwa daga Oktoba zuwa Yuni shi ne aikin, kuma a nan ne sanin mai kujera ke amfani: kan famfo ɗaya a gefen fili, da ƴan kwanduna na kare dashe daga dabbobi, abu ne da kantoma ko magajin gari zai iya yi da waya ɗaya, in ya san ku.

Kuma mun ga cewa in an so, kuɗi na fitowa. A 2015, da bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba ya zagayo kanmu, shirin gyaran gari na Maradi Kwalliya ya kawo tituna da gine-gine cikin ƴan watanni. Irin wannan dama tana zuwa, daga gwamnati ko daga masu ba da tallafi. In ta zo, abin da ke rubuce cikin tsarin gari shi ake ɗauka, abin da ke cikin tsarin kuwa wani ne ya yi ta zarya har aka rubuta shi.

Zaryar tana da ƴan dabaru da muka koya a hanya. Takarda shafi ɗaya ta isa, buƙata ɗaya a ciki, ba goma ba. In kun miƙa, ku sa a buga muku hatimi a kwafinku da kwanan wata. Ku san sakatare, ku gaida mai gadi, don su ne suka san ranar da maigida ke nan. Abin da ya fi duka kuma, ku fito da shi daga ofis. Mun shirya wa yaran gasa tsakanin layuka, muka sayi kofi na jika goma sha biyar da karo-karo, muka gayyaci wani babban jami'i ya miƙa shi. Ya zo a makare, da niyyar minti goma. Ya tarar da filin ya cika, mata a gefe ɗaya, tsofaffi a kan tabarmi, yara har bisa katangar lakwal. Sai da aka kira magariba ya tafi. Da muka koma ofis bayan sati biyu, kafin in buɗe baki ya ce, "A'a, mutanen filin nan ne. Ku shigo."

Takardar ba ta fito ba tukuna. An ce mana sai sashen filaye ya gama dubawa, mun ce to, za mu dawo. A damina mun dasa bedi arba'in a kewayen filin, talatin da ɗaya sun kama, matan adashen Hajiya da yaran kyaftin ke karɓa-karɓa wajen ban ruwa da jarkoki. Ranar Alhamis za mu koma, mu biyar.

Abokina mai babur, ɗansa na biyu shi ke tsaron gida a ƙungiyar layinsu. Jiya na kira shi na ce gwiwar liman na damunsa, ko zai ɗauko mana shi ranar Alhamis ya kawo shi meri. Ya ce zai duba. Na ce masa ƙarfe tara ne.